DAGA GADON ASIBITI ZUWA BAKIN TITI: WA KE KOYA WA MAI LALURA HAWA MOTAR HAYA?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Mai sauri ya ajiye shi sai dare.

Kwanakin nan hotunan sababbin motocin bas masu amfani da iskar gas sun cika mana waya, gwamnatoci sai ƙaddamarwa suke yi. Kowa da abin da yake kallo a jikin hoton. Wani fenti, wani kuɗin mota, wani kuma lissafin kwangila yake bugawa. Ni kuwa ƙofa nake fara dubawa. Matakala nawa ce? Tsayinta daga ƙasa ya kai gwiwa? Akwai ƙarfen riƙewa? Da can wallahi ko a jikina. Abin da ya sami ƙanina ne ya buɗe min ido.

Ƙanin nawa malamin makaranta ne. Ya yi haɗarin mota a hanyar dawowa daga ɗaurin aure, aka yanke masa ƙafar hagu daga saman gwiwa. Ya yi watanni yana jinya a wani asibiti da ba sai na faɗi sunansa ba, kuma tsakani da Allah sun yi ƙoƙari. Ciwo ya warke, aka auna masa ƙafar roba, ma'aikatan sashen gashi suka koya masa tsayuwa da tafiya tsakanin ƙarafa biyu, har ya iya zagaya barandar asibiti da sanda ɗaya. Ranar sallama muka yi ta hamdala, muka ɗauka magana ta ƙare.

Ranar da zai koma aiki ya ce kada kowa ya raka shi. Ya fita bakin titi. 'Yan sahu da dama suna hango sandar sai su ƙara wuta. Wanda ya tsaya kuma yana ta azalzalarsa, "Malam yi sauri mana, lodi nake nema." Garin sauri ya fara jefa ƙafar robar ciki, ta turje, ya dawo baya ya zube a kwalta, littattafansa suka watse. Mutane suka taru, sannu sannu, Allah ya ƙara sauƙi, wani bawan Allah ma har ya miƙa masa naira ɗari biyu. Ya ce min faɗuwar ba ta yi masa zafi kamar ɗari biyun nan ba. Daga ranar sai ya koma ɗaukar shata, kuma bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin shata ya fi ƙarfin albashinsa. Sai ya fara fashin zuwa aiki. Sai takardar gargaɗi.

Wannan ne ya sa na shiga bincike: su waɗanda suka riga mu a harkar farfaɗo da masu lalura, yaya suka yi da wannan tazara da ke tsakanin ƙofar asibiti da ƙofar mota? Ga abin da na tsinta.

Yaƙi ne ya haifi wannan fanni. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawan sojojin da suka sami rauni a laka mutuwa suke yi cikin makonni, saboda gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. Waɗanda suka rasa hannu ko ƙafa kuwa sun dawo gida da yawan da ba a taɓa gani ba. A 1917 aka buɗe wata cibiya a birnin New York, ƙarƙashin ƙungiyar Red Cross da kuɗin wani attajiri Jeremiah Milbank, don koya wa irin waɗannan mutane sana'a. A wannan cibiya ce daga baya wani likita, George Deaver, da wata ma'aikaciyar gashi, Mary Eleanor Brown, suka lura da wani abu mai sauƙi: ka koya wa mutum gyaran agogo ko ɗinki, amma in ba zai iya kai kansa shago ba, aikin banza ka yi. A 1945 suka fitar da jerin abubuwan da rayuwar yau da kullum ke nema daga jikin mutum, suna gwada majinyaci a kan kowanne ɗaya: tashi daga gado, sa tufafi, shiga banɗaki, hawa matakala, tsallaka titi kafin danja ta sauya, shiga bas da sauka. Wato tun shekara tamanin da suka wuce hawa motar haya ya shiga cikin abin da ake auna warkewa da shi.

Wani likitan, Howard Rusk, wanda ya kula da sojojin saman Amurka masu jinya a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya yaɗa wannan tunani. Ya kafa cibiyarsa a Jami'ar New York a 1948. Ra'ayinsa shi ne aikin likita hawa uku ne: rigakafi, magani, sai na ukun da aka fi mantawa, wato mayar da mutum daga gado zuwa bakin aikinsa. A irin waɗannan cibiyoyi ake kafa matakala da dakalin titi na gwaji a cikin ɗakin gashi, majinyaci ya yi ta hawa yana sauka har jikinsa ya haddace, sannan a fita da shi titi na gaske.

A Ingila kuma Ludwig Guttmann, likitan da ya gudo daga Jamus ta Hitler, ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville a 1944. Shi ne ya shirya gasar harbin kibiya ta mutum 16 a ranar 29 ga Yulin 1948, wadda ta zama tushen gasar Paralympics da 'yan Najeriya ke kwaso zinare a ɗaga nauyi yau. Amma kan batun zirga-zirga, gwamnatin Birtaniya wata hanya ta bi: ta riƙa raba wa nakasassu wata 'yar ƙaramar mota shuɗiya mai ƙafa uku, mai cin mutum ɗaya tak. Ta taimaka, amma ba ka ɗaukar matarka ko ɗanka a ciki, ga saurin kifewa. A 1976 aka daina ba sababbin masu nema, a 2003 gwamnati ta janye ragowar motocin da ta raba. Duk sanda na karanta labarin motar nan sai in tuna rabon kekunan guragu da ake yi mana a gaban kyamara. Kowa a ba shi nasa shi kaɗai, motar jama'a kuma ta ci gaba da zama yadda take.

To a nan aka gano iyakar horo. Mai sanda ko ƙafar roba za ka iya koya masa dabarar hawa matakala uku. Wanda ke kan keke fa? Ko shekara goma ka yi kana horar da shi, keke ba zai hau matakala ba. Sai dai motar ta sauya.

Masu lalurar da kansu suka ɗauko wannan yaƙi. A birnin Denver na jihar Colorado akwai wani limamin coci, Wade Blank, wanda ya yi aiki a gidan ajiye nakasassu, ya ga yadda ake kulle matasa a ciki kamar an gama da rayuwarsu, ya taimaka musu suka fito suka kama gidajen kansu a 1975. Da suka fito sai suka tarar ba motar da za su hau. Hukumar sufurin birnin ta sayo sababbin bas sama da 200, babu ko ɗaya mai na'urar ɗaga keke. Ranar 5 ga Yulin 1978 mutum 19 suka gangara da kekunansu mahaɗar titunan Colfax da Broadway, suka kewaye bas biyu, wasu suka sauko suka kwanta a kwalta. Nan suka kwana. 'Yan sanda suka rasa yadda za su yi da su, don motocin kamun ma ba sa ɗaukar keke. Daga wannan zuriya aka kafa ƙungiyar ADAPT a 1983, wadda ta riƙa bin taron masu kamfanonin sufuri gari-gari tana tare musu hanya.

Kada a ɗauka abin ya zo da sauƙi. A 1979 gwamnatin Amurka ta fitar da ƙa'idar cewa sababbin bas su zo da na'urar ɗagawa. Ƙungiyar masu sufuri ta kai ƙara, ta ce tsada, a 1981 kotu ta ba ta gaskiya, aka bar wa kowane gari ya yi yadda ya ga dama. Sai da aka ƙara shekara tara ana fafatawa. Ranar 12 ga Maris 1990 masu zanga-zanga suka ajiye kekunansu da sandunansu a gindin majalisar dokoki a Washington, suka hau matakalar da rarrafe, cikinsu har da yarinya 'yar shekara takwas, Jennifer Keelan. Ranar 26 ga Yulin 1990 Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar nakasassu ta Amurka, wadda ta wajabta cewa duk sabuwar bas ta haya da za a saya dole mai keke ya iya shiga.

Birtaniya ta biyo baya. A shekarun 1990 masu lalura suka riƙa ɗaure kansu da ankwa a jikin bas a Landan. Aka yi dokar hana wariya a 1995, aka fitar da ƙa'idojin bas a 2000, a ƙarshen 2005 Landan ta janye tsofaffin jajayen bas ɗinta masu buɗaɗɗen baya daga aikin yau da kullum. Duk da haka a 2012 wani mai keke, Doug Paulley, ya zo hawa bas zuwa Leeds ya tarar wata mata ta ajiye keken jariri a gurbin masu lalura. Direba ya roƙe ta, ta ƙi, aka tafi aka bar shi. Ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, wadda a Janairun 2017 ta ce roƙo kawai bai wadatar ba, dole direba ya ƙara matsawa. Ka ga ke nan ko mota ta gyaru, akwai sauran aiki a kan direba da fasinja.

Wani abin da ya ba su mamaki kuma, bayan an kashe maƙudan kuɗi an gyara motoci, da yawan waɗanda aka gyara dominsu ba su fito ba. Mutumin da ya shekara goma a ɗaki, ko wanda ya taɓa faɗuwa a gaban jama'a, sanarwa a rediyo ba za ta fito da shi ba. Sai aka koma wa darasin Deaver da Rusk, aka mayar da koyar da hawa motar haya aiki mai zaman kansa. Majalisar Amurka ta ware kuɗi tun 1988 don wani shiri na haɗa masu sufuri da masu lalura, ƙarƙashin ƙungiyar Easter Seals, kuma hukumomin sufuri da kansu suka rungumi horon, don sun lissafa sun ga koya wa mutum hawa bas ya fi araha a kan aika masa mota ta musamman har ƙofar gida kullum.

Yadda ake yin horon babu wani sihiri a ciki. Mai koyarwa zai zauna da kai ya ji ina kake son zuwa: aiki, kasuwa, makaranta, asibiti. Ya bi hanyar da ƙafarsa ya ga inda rami yake, inda za a tsallaka, inda za a tsaya. A fara gwaji a mota tana tsaye, ba fasinja ba gaggawa. Sannan ku fita tare lokacin da ba cunkoso. Sannan ya zauna nesa da kai a motar kamar bai san ka ba. Sannan ya bi ka a baya a wata motar. Ranar da ka je ka dawo kai kaɗai, an gama. Ana koya maka har abin da za ka yi in an wuce da kai, in mota ta lalace, ko in direba ya ƙi tsayawa.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma yaƙi ne ya kawo mana fannin: asibitin ƙashi na Igbobi a Legas ya faro ne a 1943 a matsayin sansanin farfaɗo da sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, na Dala a Kano kuma aka buɗe shi a 1959. Shan inna ta bar mana dubban mutane kafin a ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020, haɗarin mota da rikicin Arewa maso Gabas da na 'yan bindiga kuma kullum ƙara yawan masu lalura suke yi. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya. Dokar ta yi magana a kan sufuri, ta ba su fifiko a layi, ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta sa tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutum, miliyan ɗaya ga kamfani. Ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine da ababen hawa. Wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024. Kowa ya leƙa tashar garinsu ya ba kansa amsa.

Kuma mu sufurinmu ba irin nasu ba ne. Ba hukuma ɗaya ce ke da motocin ba, balle a ce mata sayi kaza. A Kano, tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, adaidaita sahu ce ƙafar talaka, kuma kowane ɗan sahu balas yake nema kafin magariba. Minti biyun da zai tsaya a naɗe keke, a wurinsa kuɗi ne. A tasha kuwa sai ka ji ɗan kamasho ya ce keke kuɗin kaya ne, ko a biya kujera biyu. Ban ce mugaye ba ne. Babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake naɗe keke, ko ya gaya musu ba a cafko mutum ta hammata ba tare da an tambaye shi ba.

Bari in ƙarasa muku labarin ƙanina. Wanda ya fitar da shi daga ɗaki wani dattijo ne a unguwarmu, mai walda, wanda shan inna ta kama tun yana yaro. Ya ji labari, ya zo har gida. Ya sa aka kira wani yaro ɗan sahu bayan la'asar, muka biya shi kuɗin awa biyu, aka faka a lungu. Ya ce, "Malam, in za ka hau, lafiyayyar ƙafa ce gaba. In za ka sauka, ta robar ce gaba. A adaidaita kuma kada ka shiga da ƙafa, juya baya ka fara zama, sannan ka ɗauko ƙafar da hannunka ka shigar. Ka zauna ta gefen da za ka sauka. Sandarka kada ka ba kowa. Kuɗinka ka ware tun daga gida. In direba ya ce yi sauri, ka dube shi ka ce yi haƙuri, minti ɗaya." Suka yi ta maimaitawa har aka kira magariba. Washegari dattijon ya raka shi bakin titi ya tsaya daga nesa. Rana ta uku ya tafi shi kaɗai. Yau yana aji yana koyarwa, kuma yaron nan ɗan sahu shi ke tsaya masa yawancin safiya.

Da na karanta tsarin da Turawa suka rubuta a littattafai, sai na ga kusan shi ne dattijon nan ya yi, bai taɓa shiga aji ba. Ilimin yana nan a unguwanninmu, wurin mutanen da suka shekara arba'in suna fama da titi. Abin da babu shi ne wanda zai ce wannan aikinsa ne. Ƙanina sa'a ya yi. Nawa ne suke kwance a ɗaki yanzu haka, ƙafa ta warke, aiki ya tafi?

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda ake rubuta takardar sayen kaya. Layi ɗaya ne za a ƙara a ce motar ta zama mai ƙasa-ƙasa, mai gangaren hawa keke da gurbin ajiye shi. In ba a rubuta ba tun farko, to an sayi wariyar shekara goma sha biyar da kuɗin jama'a. Kuma in faɗi gaskiya, ofishin da nake aiki ma matakala ce tun daga ƙofa, na shekara da shekaru ina hawanta ban taɓa ɗaga murya ba sai da abin ya zo gidanmu. Allah ya yafe mana.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. 'Yan'uwa ma'aikatan gashi, kafin ku sallami majinyaci ku tambaye shi da me zai riƙa zuwa aiki. Tsohuwar adaidaita ɗaya da ta daina tashi, in aka ajiye ta a harabar sashenku, ta isa ajin gwaji. Ku jawo ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman su zama malamai, a biya su. Shugabannin 'yan sahu da na tasha, ku ba da awa ɗaya a taronku a nuna wa direbobi yadda ake taimakawa, kuma a daina karɓar kuɗin kaya a kan keke, ƙafar mutum ce. Mu kuma fasinjoji, in an tsaya ɗaukar mai sanda, mu daina tsaki.

Wanda ya san wani asibiti ko ƙungiya da ke yin irin wannan horo a ƙasar nan, don Allah ya sanar da mu a ƙasa, akwai masu nema. Masu lalura da ke bibiyata kuma, ku kuka fi ni sani, ku gyara min inda na kauce.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu a hanyoyinmu. Amin.